Gidan Bulon Ɗahiru Akanta

Duk wanda ya yi aiki a babbar masaƙar nan ta Sharaɗa a shekarun da take ci gadan-gadan ya san Ɗahiru Akanta. Kada sunan ya ruɗe ku. Ba akanta ba ne, ko asusun masallacin unguwa ba a taɓa ba shi ya riƙe ba. Aikinsa shi ne zama a wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa, yana rubuta wanda ya shigo da wanda ya makara. Amma da yake ba a ta da zancen kuɗi a gabansa bai ce "ku tsaya in yi muku lissafi" ba, sai ma'aikata suka laƙaba masa Akanta don tsiya. Shi kuwa gogan ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi Ɗahiru zalla sai ya yi kamar bai ji ba.

Shekara tara suna haya a ɗaki ɗaya a Panshekara, shi da matarsa Hansatu da 'ya'ya uku. Hansatu ce mai man gyaɗa da ƙuli-ƙulin layinsu. Shekara bakwai tana gaban wuta tana zubin adashi, ba ta sayi ko ɗan kunne ba, har ta tara naira ɗari tara. Buri ɗaya gare ta a duniya, ta ga ranar da za ta ɗora tukunya a tsakar gidan da ba mai ce mata hayaƙinta ya dame shi.

Ana nan sai wani dattijo, Malam Inuwa, ya sa gidansa a kasuwa don ya biya kujerar Makka. Gidan ƙasa ne mai rufin soro, zaure da ɗaki uku da rijiya, naira dubu biyu da ɗari biyar. Hansatu ta kwance ɗari taranta, aka kai kafin alƙalami gaban mai unguwa. Malam Inuwa ya miƙa wa Ɗahiru makulli, ya ce, "Ni zan koma wajen ɗana a Zawaciki. Kwana arba'in na ba ka, don ranar ake rufe biyan kujera. In ciko ya zo, gida naku ne. In bai zo ba, zan sayar wa wanda ya kawo, in mayar muku da naku. Ba faɗa."

"Arba'in?" in ji Ɗahiru. "Malam, ai kun yi mini yawa. Mu da banki kamar ɗaki da tsakar gida ne."

Washegari ya ɗauki hutun rabin yini ya zaga bankuna biyu, ya dawo yana fama da takardu a hammata. Ya sa Hansatu ta sauke kaskon suya, ya zauna ya yi mata karatu.

Bankin da ake biyansu albashi sun ce za su ba shi rancen albashi, dubu ɗaya da ɗari shida cif, ba su tambayar me zai yi da shi. Mutum biyu su tsaya masa, cikin mako kuɗi ya fito, a riƙa yankar sulusin albashinsa har shekara uku. Bankin gidaje da ke Nassarawa kuwa jingina suke yi. Su riƙe takardar gida, su aiko mutuminsu ya kimanta shi, su ba da bashi gwargwadon darajarsa, a biya kaɗan-kaɗan cikin shekara goma sha biyar. Sai dai sun ce ba su karɓar gidan ƙasa, sai na bulo.

"To ai magana ta ƙare," in ji Hansatu. "Namu na ƙasa ne. Ka ɗauki na farkon, dubu ɗaya da ɗari shida shi ne cikon daidai. Mu ɗaure ciki shekara uku, ni ma ina taimakawa."

Ɗahiru ya yi wata 'yar dariya ta tausayi. "Hansatu kenan. Shi ya sa kika tsaya a ƙuli-ƙuli. Mai ƙaramin kai ne ke zaɓen ɗaya. Ni duka biyun zan ɗauka."

"Baban Sauda, taura biyu ba ta taunuwa."

"Ya danganta da haƙorin! Saurara. In karɓi rancen albashi, in mai da gidan nan na bulo. Mutumin banki ya zo ya ce ya kai dubu takwas. Su ba ni dubu shida. In biya Malam Inuwa, in biya rancen, in sayi babur, ke kuma in saya miki injin niƙa. Ina asarar take?"

"Yaya za ka mai da gidan ƙasa na bulo?"

"Da siminti da basira."

Kwana takwas kuɗin suka fito. Wallahi da ya shigo da su ya zube a kan tabarma, sababbi fil, Hansatu har da ƙwalla ta roƙe shi ya hau mota yanzu-yanzu ya kai wa Malam Inuwa Zawaciki. Ga kuɗi, ga gida, ga makulli a hannu! Ɗahiru ya tattare abinsa ya cusa a aljihu, ya ce kuɗi ke kiran kuɗi. A hanyarsa ta fita ya ci karo da mai gidan hayarsu, ya ce masa ya nemi wani talakan ya ba shi ɗakin, su ƙarshen wata sun tashi.

Ya kira Mamman magini, wani Badamagare da ya yi shekara ashirin yana gini tsakanin Panshekara da Chalawa. Mamman ya zaga gidan, ya shafa bango, ya girgiza kai.

"Akanta, siminti ba ya kama ƙasa haka kawai. Sai an karce bangon, a kafa ƙusoshi, a ja wayar raga, sannan a yi filasta. Kuma da rani ake yi. Yanzu damina ce, bangon ya sha ruwa."

"Nawa ne ƙusoshin da wayar?"

Mamman ya faɗa.

"Ka ji ɓarna! Abin da za a binne a cikin bango, wa zai gani? Mutumin banki ido zai kawo, ba haƙori ba."

"To ni ba da hannuna ba."

"Dama ban ce dole ba. Gini ai lissafi ne, lissafi kuwa gidana ne."

Ya ɗebo leburori biyu, ya tuɓe riga, ya shiga aiki da kansa duk yamma in ya taso. Fuskar gidan da zaure da ɗaki ɗaya na ciki ya sa a gaba, don ya ce ma'aikacin banki ba ya wuce ɗakin farko. Da yake ba ƙusa ba waya, sai ya rama da kauri, ya lafta filasta mai kaurin yatsa uku. Tun tana ɗanya ya ɗauki katako da ƙusa guda ya bi yana zana layukan bulo.

Nan fa unguwa ta samu abin kallo. Majalisar mai shayi ta tashi ɗungurungum ta dawo gindin darbejiyar da ke fuskantar gidan. Maƙwabciyarsa Hajiya Yelwa, wata dattijuwa mai fataucin atamfa wadda bakinta ya fi almakashi, ta sa aka fito mata da kujera ƙofar zaurenta.

"Sannu da aiki, Akanta," in ji ta. "Wancan bulon na sama me ya ci ya fi 'yan'uwansa ƙiba?"

"Hajiya, idonku ne."

"Na ƙasan kuma na ga ya karkace kamar yana ruku'u."

"Sabon yayi ne, a Bompai duk haka ake yi."

"Oho. Mu dai abin da muka sani, sai ka sayi akuya kake mata ƙunshi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ɗahiru ya ce hassada ga mai rabo taki ce, ya ci gaba da zane.

Kuɗi kuwa suka kama hanya. Ƙofar ƙarfe, tagogin gilas guda biyu, fenti ruwan ƙwai, lamba da ya sa aka rubuta a allon ƙarfe duk da layin ba wanda ke da lamba. Ya sare zankwayen da ke kan soron don kada su tona asiri, ya kafa falle uku na kwanon rufi a gefen sama, yadda in ka tsaya a titi za ka rantse rufin kwano ne. Ya ja da baya ya duba, komai ya yi, sai abu ɗaya. Indararo biyu na zaure sun miƙo baki titi suna shelar cewa nan gidan ƙasa ne.

Ya sa tsani ya zare su, ya cusa tsumma a ramukan, ya shafe da siminti.

Mamman na wucewa a kan keke ya gani, ya ja birki har ya kusa faɗuwa. "La'ilaha illallahu! Akanta, ruwan sama ta ina zai sauka?"

"Ka taɓa ganin indararo a Bompai?"

"A Bompai rufin kwano ne!"

"Wannan da kake gani garin kwaki ne?"

"Wannan ado ne. Ruwa bai san ado ba. Zai kwanta a kan soron ya bi bayan filastarka."

"Kwana uku ne kawai. Jibi mutumin banki zai zo, yana juya baya in buɗe abina."

"Allah ya sa hadari ya san da wannan alkawarin," in ji Mamman, ya taka kekensa.

Kwana uku suka zama mako biyu. Yau a ce fayil na teburin manaja, gobe a ce mai kimantawar ya tafi Gumel, jibi a ce motar ofis ba mai. Kullum ana ce masa gobe, shi kuma kullum yana tsoron ya buɗe indararo mutumin ya faɗo masa. A cikin mako biyun nan sau huɗu aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hansatu ta leƙa ta ce zauren yana warin danshi, azara na ɗiga. Ɗahiru ya ce gumin sabon siminti ne, ya ƙara fenti a wurin.

Saura kwana uku wa'adi ya cika aka aiko cewa ranar Alhamis da hantsi za a zo. Ɗahiru ya ƙarasa abin da ya rage a aljihu. Ya yanka rago, ya yi hayar kujeru da teburi aka jera a jikin bangon gaba, ya ɗinka babbar riga fara tas. Ya gayyato mai unguwa da abokan aikinsa da suka taso aikin kwana, ya aika har Zawaciki aka taho da Malam Inuwa don ya ga yadda ake harka da banki. Hansatu da maƙwabta suna ciki suna tuƙa tuwon shinkafa.

Malam Inuwa ya sauko daga mota ya wuce gidansa bai gane shi ba, sai da aka kamo hannunsa.

Can sai ga farar Fijo. Wani saurayi siriri mai farin gilashi ya fito da fayil da abin awo, ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da dattawa. Ya ce sunansa Abdulwahid. Ɗahiru ya tare shi da "barka da zuwa, yallaɓai", yana baza hannun riga, ya ce a fara da nama.

"A fara da aiki dai," in ji Abdulwahid. Ya dubi gidan sama da ƙasa. Ya je taga ya zura hannu, kaurin bangon ya haɗiye hannun har gwiwa. "Malam Ɗahiru, wannan bulon inci nawa ne?"

"Na musamman ne. Daga Ikko ake kawo shi."

"Ikon Allah. Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Ba kowa ke samu ba."

Abdulwahid ya ciro makullin mota ya ƙwanƙwasa bangon. Maimakon ƙaran dutse sai aka ji bum, bum, kamar an taɓa ganga. Ya matsa gaba ya sake. Bum, bum.

Hajiya Yelwa ta ce daga kujerarta, "A kira maroƙa mana, ga kiɗa ya samu."

Jama'a suka fara ƙunshe dariya. Nan zuciya ta ɗebi Ɗahiru. A gaban abokan aikinsa! A gaban mai unguwa! Ya faɗa cikin gida ya fizgo taɓarya daga hannun wata mai daka, ya fito yana huci.

"Makulli ai abin wasan yara ne. Yallaɓai, matsa ka ga ƙarfin gini. In wannan bangon ya motsa, a canza mini suna."

Mamman da ke cikin taron ya ce, "Akanta, don girman Allah ajiye taɓaryar nan."

Ina! Ya ɗaga ya maka. Tim! Wata tsaga ta tashi daga gindin taga ta yi sama.

"Fenti ne," in ji shi. Ya sake makawa. Tsagar ta yi rassa, wani jan ruwa ya fara tsattsafowa.

"Gumi ne!" Ya ɗaga na uku.

Bai ma sauke da kyau ba sai aka ji wani ƙara kamar ana yaga sabon yadi. Fuskar gidan gaba ɗaya, da layukan bulonta da lambarta, ta rabu da bangon ta sunkuyo a hankali. Kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Mai unguwa da ake cewa ciwon gwiwa ya hana shi sallah a tsaye, shi ya riga kowa kaiwa gindin darbejiya. Filastar ta kife a kan teburin nama da kujerun haya, rugum!

Ɗahiru ya yi tsalle gefe, ya tsaya yana haki daidai ƙarƙashin inda ya toshe indararo. Tsumman ya fito fit, ruwan mako biyu ya biyo shi, jajawur da laka, ya sauka a tsakiyar hularsa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya sha. Kafin ruwan ya tsagaita, kusurwar rufin zauren da ta jiƙe ta zauna a ƙasa, fallayen kwanon suka biyo ta suna ƙararrawa.

Da ƙura ta lafa, sai ga tsohon bangon Malam Inuwa tsirara, jiƙe sharkaf. Dattijon ya dube shi ya ce, "Yauwa. Yanzu na gane gidana."

Wayyo, dariya! Har da masu kwanciya a ƙasa. Wani abokin aikinsa ya ɗaga murya ya ce, "Wane sunan za mu canza maka?"

Abdulwahid dai bai yi dariya ba, yaron kirki ne. Ya kaɗe fayil ɗinsa ya ce, "Malam Ɗahiru, ni a gidan ƙasa aka haife ni a cikin birni, a cikinsa mahaifina ke karantarwa har gobe. Tun daga cikin mota na gane. Amma ba wannan ne ma ya kashe maganar ba." Ya zaro wata takarda. "Ga takardar albashinka ta wannan wata. An fara yankar wani bashi. Mu ba ma ɗora jingina a kan albashin da aka riga aka ci sulusinsa. Ko da dutse aka gina gidan nan, ba za mu ba ka ko kwabo ba."

Ɗahiru ya share laka daga ido. "Wannan ai ɗan rance ne na wucin gadi."

"Nawa ka karɓa?"

"Dubu ɗaya da ɗari shida."

"Cikon gidan nawa ne?"

Malam Inuwa ne ya amsa. "Dubu ɗaya da ɗari shida."

Abdulwahid ya cire gilashi ya dube shi da mamaki na gaskiya. "To me ya hana ka biya kawai?"

Daga bayan rusasshen zauren aka ji muryar Hansatu. "Tambaye shi da kyau, ɗan nan. Don Allah sake tambayarsa, ni na gaji."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

A nan gindin darbejiya aka yanke magana. Malam Inuwa ya ce shi ba zai rasa kujerarsa ba. Hajiya Yelwa ta aika aka ɗauko mata jaka, ta biya kuɗin gida lakadan, ta ce dama tun farko tana so, kunyar Hansatu ce ta hana ta taya. Mamman ya kimanta gyaran zaure naira ɗari uku, mai unguwa ya ce a cire daga kafin alƙalami tunda mai gida bai sa a rushe masa zaure ba. Aka miƙa wa Hansatu ɗari shida. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Suka koma gidan haya suka tarar da kayan wani sabon ɗan haya a ƙofar ɗakinsu, mai gida na cewa talakan da aka ce ya nemo ya iso. Ba tsuntsu ba tarko. Suka zaga Panshekara kwana biyu, damina ce, ba ɗaki ko na ajiye kaji. Dole ƙanwar naƙi, Ɗahiru ya ja ƙafa, Hansatu na biye, suka yi sallama da Hajiya Yelwa.

"Hajiya, mun ji za ku zuba 'yan haya."

"Ƙwarai. Ɗaki biyu na ƙasa, naira takwas-takwas. Ɗayan kuwa sha biyar."

"Sha biyar? Don me?"

"Haba Akanta, kai da ka san harkar gidaje. Siminti ne da shi, ga fenti, ga tagar gilas."

"Ni fa na yi simintin! Ni na sa tagar! Bashinsu ake yanka a albashina!"

"Allah ya saka da alheri, aiki ya yi kyau. Shi ya sa ya yi tsada."

Ɗahiru ya yi lissafi a zuci, karo na farko a rayuwarsa da ya fita daidai, ya ga abin da ya rage a albashinsa ba zai ɗauki sha biyar ba. Ya juya ya sassauta murya. "Hansatu, ko za ki ranta mini wani abu daga na wajenki? Mu shiga mai simintin, ko don bakin mutane. Wata uku kawai, ina da wani shiri."

Hansatu ta dafe ƙullin zanenta. Ta dube shi ido cikin ido.

"Shekara biyu da wata huɗu na gaban wuta ka binne a zauren nan, Baban Sauda. Ni ma na yi karatun banki a wajenka. Rance a kan baki na daina bayarwa, sai jingina. Me ka mallaka?"

Ɗahiru ya dubi Hajiya, ya dubi ƙasa, ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Ba ko kwabo.

Juma'ar da ta zagayo suka tare a ɗakin ƙasa na ƙurya, ana yayyafi, shi ne a gaba ɗauke da kaskon suyarta a ka.